Ɗakin Hawainiyar Gwaggo

Tawa, 9 ga Fabrairu 1985

Zuwa ga Yaya Zaliha,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da Gwaggo Habsatu. Yaya ƙafarta, kumburin ya sauka? Ni lafiya lau, sai tarin da na taho da shi daga makaranta, shi ma ya yi sauƙi.

Bayan haka, na kama aiki a wurin renon itatuwa na gandun daji a nan Tawa. Na sami gida mai ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, kuma akwai famfo a bakin titi. Ba kullum yake kawo ruwa ba, amma yana kawowa. Ɗaki ɗaya nawa, ɗaya na Gwaggo. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ba zan iya cin tuwo a birni ina tunanin abin da ta ci ba.

Attahir direba ya gaya mini rijiyar unguwarku ta kusa ƙafewa, kuma surukanki sun yanke shawarar sauka Ƙonni da ke da yara, tun da maigidanki Mamman bai dawo daga Abijan ba. Wannan na gane. Abin da ban gane ba shi ne sauran zancen. Ya ce Gwaggo ta ƙi tahowa wurina saboda hawainiya. Na sake tambayarsa ko sunan wata mata ce ban sani ba, ya yi ta dariya har ya tada mota.

Ki rubuto mini gaskiyar abin da ke nan, kada ki rage. In rashin lafiya ce ta taɓa mata tunani, gara in sani.

Ki gai da kowa.

Ƙanenki,
Yunusu

Takanamat, 17 ga Fabrairu

Zuwa ga taubashina Yunusu, malamin itatuwa,

Takardarka ta iso, mun gode. Muna lahiya, sai gajiyar ruwa. Ƙafar Inna tana nan yadda ka bar ta. Hankalinta kuwa garau yake, ya ma ɗara nawa.

Attahir bai yi maka ƙarya ba. Ka tuna lallen da marigayi Baba ya dasa bayan ɗakin Inna, inda yake alwala? Shi kaɗai ya rage kore a unguwarmu. Da lokacin kaka ne Inna ta ga hawainiya cikinsa, ramammiya kamar tsinke. A makon da ta gan ta ne akuyarta ta ƙarshe ta mutu. Tun ranar kullum da safe sai ta yayyafa wa ganyen ruwa, abar ta matso ta lasa. Tsumman da take goge ƙwaryar fura ma a gindin lallen take aje shi, don ƙudaje su taru mata. Mu yanzu taimama muke yi, amma ita rabin ruwan shanta na lalle ne.

Na ce, "Inna, mutane na cewa kin zautu."

Ta ce, "Su ce. Shanu sun mutu a hannuna, tumaki sun mutu, kaji sun mutu. Wagga ba ta mutu ba tukuna. Ba ni tahiya in bar ta ga tsuntsaye."

Na ce, "To Yunusu fa, da ya kama miki ɗaki?"

Ta ce, "Yunusu na da ƙafa biyu da albashi. Ita mi gare ta?"

Mun yi ta ja har muryata ta dushe. Daga ƙarshe ga inda ta tsaya: in an yi wa hawainiyar ɗakin da za ta shiga mota da rai, ta kuma zauna cikinsa a Tawa, za ta tahi. Ba ƙwarya ba, ba buhu ba, ɗaki. To kai ne ka yi shekaru kana karatun icce muna aika maka da gari, ga ranarka ta zo. Ka gaya muna da mi ake yi.

Ka hanzarta. Surukina ya ce kafin zahi ya kankama za a tashi. Ba ni iya barin uwata ita kaɗai a gidan ga, ba ni kuma iya riƙe ɗiya uku a kan rijiyar da ke ba da laka.

Yayarka,
Zaliha

Tawa, 24 ga Fabrairu

Yaya Zaliha,

Na gode da amsarki. Ina fatan kowa lafiya. Hankalina ya ɗan kwanta da na ji lafiyar Gwaggo ƙalau.

A makaranta ba a koya mana kiwon hawainiya ba. Na sami littafi ɗaya a ofis mai bayani kaɗan a kanta, sauran daga abin da na sani game da itace ne. Inda ban tabbata ba zan faɗa.

Abin lura shi ne, ƙafarta da cikinta a kan itace suke dare da rana, kuma daga kansa take lasar ruwa, ba ta sha a kwano. Duk abin da ke jikin itacen cikinta zai shiga. Saboda haka, don Allah, kada a taɓa katakon akwatunan da ke zube bayan ma'ajiyar aikin gona. Na san suna da kyau, amma hodar maganin fara aka kawo a cikinsu, tana shiga cikin katako, wanki ba ya fitar da ita. Kada a sa itacen da aka yi wa fenti, ko wanda aka shafa wa baƙin man mota don gara. Tumfafiya da aguwa su ne suka rage tsaye ko'ina, na sani, amma nononsu yana ƙona ido da baki, ko sun bushe ban yarda da su ba. Dogon yaro ban tabbata yana cutarwa ba, sai dai ƙwari suna gudunsa, ita kuwa ƙwari take ci. A bar shi.

Ragar waya tana ɗaukar zafin rana, tana yanke yatsu. Kwano da gwangwani kuwa tanda ne.

Abin da ya dace shi ne sandunan sabara, ko geza, ko kalgo, busassu, marasa wari, kaurinsu kamar yatsa don ta iya damƙa. A ɗaure da igiyar kaba, kada a buga ƙusa. Tsayin ɗakin kamu biyu, faɗinsa kamu ɗaya, domin hawa take so, ba tafiya a ƙasa ba. A gitta wasu sanduna a ciki. A rufe jikinsa da ƙyallen gidan sauro don iska ta ratsa, gefe ɗaya a yi masa inuwa da tabarma.

Dole in ƙara wannan, domin gaskiya ce. In ba a sami itace mai kyau ba, gara a bar ta cikin lallenta da a kashe ta cikin akwati. Halitta irin wannan, in aka raba ta da inda ta saba, sau da yawa daina cin abinci take yi.

Ki karanta wa wanda zai yi aikin a hankali, kada ya yi gaggawa.

Yunusu

Takanamat, 20 ga Maris

Yunusu,

Muna lahiya. Ƙaramin ɗana ya yi gudawa, ya warke.

Takardarka sai shekaranjiya ta iso. Sojoji sun karɓi kamyon Attahir, babbar motar nan tasa, ya yi ta jigilar hatsin taimako zuwa arewa, ita kuwa tana cikin aljihunsa. Da na ji shiru, na ce ko aikin gwamnati ya ɗauke maka hankali, sai na kira Ciɗo maƙwabcinmu, tsohon nan mai gyaran ƙyaure, ya yi wa hawainiyar ɗakin. Ya ce abin Inna ne, ba zai yi mata da tarkace ba, sai katakon da ya hi kowane kyau a garin ga. Ka san inda ya samo shi. Akwai hoton ƙoƙon kan mutum a jiki da jan rubutu, sai ya juya wannan gefen ciki don kada Inna ta gani ta ce mugun abu ne. Ƙafafun kuma ya shafe su da baƙin mai, wai ko garar Tawa ta gani sai ta koma. Ya yi har da ƙyaure da sakata. Unguwa duk ta zo kallo.

Da hantsi muka sa hawainiyar ciki. Kafin azahar ta yi baƙi ƙirin, ido rufe, baki buɗe. Inna ta ciro ta da hannunta, ta wanke ta da ruwan shanta, ta mai da ta cikin lalle. Ta daɗe ba ta ci komi ba. Yanzu ta fara kamun ƙuda, Allah Ya taimaka.

Kuskure na farko ke nan. Na biyun kai ka yi shi. Da takardarka ta zo na zauna na karanta a bayyane, Ciɗo na nan, Inna na nan. Da na kai inda ka ce gara a bar ta inda ta saba, Inna ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce, "Kin ji ko? Yaron da kansa ya ce a bar mu inda muka saba."

Na ce, "Inna, hawainiya yake nuhi."

Ta ce, "Ni na goye shi. In yana jin nauyin faɗin abu, haka yake kewayawa. Ya ga birni, ya ga ba wurin tsohuwa ba ne, kunya ta hana shi faɗa."

Ƙullin kayanta da na samu da ƙyar ta ɗaure, ta kwance shi, ta mai da komi wurinsa. Kai da gaskiyarka, Yunusu! Tun kana yaro ba ka iya ganin rami ka yi shiru, sai ka gaya wa mutum zurhinsa. Ai da ka bar wagga a cikinka.

Zaliha

Tawa, 28 ga Maris

Yaya Zaliha,

Na karanta wasiƙarki a tsaye a tasha, na kasa komawa wurin aiki da wuri. Allah Ya ƙara wa yaron lafiya. Ki riƙa tafasa ruwansu, ko da kaɗan ne.

Da farko, akwatin nan kada a yi girki da shi. Na san itace yana wuya, amma hayaƙinsa guba ne. A binne shi nesa da rijiya. Ciɗo ya wanke hannunsa da kayan aikinsa da toka.

Ki zauna kusa da Gwaggo ki karanta mata wannan kamar yadda na rubuta. Gwaggo, ban kewaya ba. Hawainiya nake nufi, ita kaɗai. Ɗakinki na share shi, kullum ina buɗe tagarsa don ya sha iska. In ba ki zo ba, ban san abin da nake yi a garin nan ba.

Na nemi izinin zuwa da kaina. Shugabanmu ya ce umarni ya zo daga sama, ba mai motsawa sai an cika adadin dashen bana, ko za a yi ruwa ko ba za a yi ba. Na je kasuwar itace. Duk faskare ne na girki, sirarun kuwa mai sayarwa bai san ko na mene ne ba, kuma na ga an jibge su kusa da durom ɗin man gazuwal. Ban iya aiko da abin da ban tabbata da shi ba. Itatuwan da muke reno ba su wuce taƙi ɗaya ba.

Ga gidan saurona na ba Attahir, na wanke shi da ruwa zalla. Ki roƙi Ciɗo ya duba fadamar yamma da gari, da can akwai sabara. Ya tsinto busasshiya wadda ta faɗi da kanta. Kada ya sari ɗanya, doka ta tsananta bana, kuma ba ni da ikon hana kowa aikinsa.

Na gaji, Yaya, amma na san ban kai ki ba.

Yunusu

Takanamat, 14 ga Afrilu

Yunusu,

Muna nan da rai. Gidan sauro ya iso. Saƙonka na karanta wa Inna, ta saurara har ƙarshe.

Ciɗo ya tahi fadama. Busasshiyar sabarar da kake zance mata sun tsince ta tun bara, ko tsinken sakace babu. Ya yi ta yawo har ya sami wata ɗanya cikin kwazazzabo, ya ce ba zai dawo wa Inna hannu sake ba, ya sara. A hanya ya gamu da abokan aikinka. Ya ce musu ɗakin hawainiya za a yi, kuma wani nasu ne ya yi umarni. Suka ce tun da suke aikin ga ba su taɓa jin ƙarya mai daɗin wagga ba. Sun karɓe iccen, sun karɓe gatarin. Yanzu ga shi nan zaune ƙofar gida, in an gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai.

Lallen ya fara zubar da ganye. Surukina ya ce ranar kasuwa mai zuwa za a tashi, da ni ko ba ni. Sai na gaya wa Inna na yanke: yara su bi kakanninsu, ni in zauna da ita. Ta dube ni, ta dubi ƙaramin da ke riƙe da zanena, ta shige ɗaki.

Washegari da safe ta ce in ɗauko takardarka ta farko in karanta mata zancen icce, ban da wancan wurin. Ina karantawa tana maimaitawa. Busasshe. Ba wari. Ba fenti, ba mai, ba hoda. Kauri kamar yatsa. Da na gama ta ce, "Icce irin wanga ɗaya ne ya rage a garin ga. Kira min Ciɗo."

Gadonta take nuhi, Yunusu. Gadon sandunan da aka kawo ta da shi gidan Baba. Ka san ba ta taɓa yarda a barbaɗa masa hoda ba, hayaƙin ɗaki ne ke korar masa gara. Na ce, "Inna, a kansa kika haife ni, a kansa Baba ya cika." Ta ce, "Na sani, ina wurin. Kwance igiyar, kada ki yanke, za a yi aiki da ita."

Ciɗo ya zo ba gatari, ba a ma bukace shi ba. Ya zauna tsakar gida yana zaɓen sirara yana ɗaurewa, Inna na miƙa masa, tana yi masa faɗa in ya karkace. Mun sa hawainiyar jiya da reshen lalle ɗaya. Ta tsaya, ta juya ido nan da can, ta damƙi sanda ta hau sama. Har yanzu koriya ce.

Sauran sandunan masu kauri Inna ta ba Ciɗo, ta ce ya yi ƙota in Allah Ya mai do masa da gatari. A tabarma ta kwana. Ka tarye ta tasha ranar kasuwa da la'asar. Attahir ya ce zai sa su gaba, ita da ɗakin a kan cinyarta. Mu kuma mu wuce Ƙonni.

Zaliha

Tawa, 25 ga Afrilu

Yaya Zaliha,

Ina fatan kun sauka lafiya, kun sami masauki mai ruwa. Na ba wani mai zuwa Ƙonni wannan, Allah Ya sa ta same ki.

Gwaggo ta iso. Ƙafar ta ƙara kumbura saboda zaman mota, na kai ta asibiti sun ba ta magani. Hawainiyar ta iso da duhu a jikinta, ta ƙi ci da farko. Na aje ɗakin a inda rana take taɓa shi da safe kawai, na sa tsumman fura a ciki. Jiya ta kama ƙuda a gabana. Maƙwabciyata Hajara tana da lalle a gidanta, ta yarda in riƙa ɗibar reshe, ko da yake ta ce kada in gaya mata abin da nake yi da shi.

Na duba sandunan ɗaya bayan ɗaya. Aikin Ciɗo ya yi kyau, ki aika masa da godiyata, kuma ina bin zancen gatarinsa, ban yi alkawari ba. Yawancinsu geza ne. Akwai guda ɗaya, ja-ja mai nauyi, da ban gane ba. Na kankare gefenta, na shinshina, na duba littafi, ban same ta ba. Gwaggo tana kallona ta ce, "Ka gama shinshinar gadona?" Na tambaye ta ko wane itace ne. Ta ce mahaifinta ya saro shi a bayan gari, ta manta sunan, kuma ta daɗe ba ta ga irinsa tsaye ba. Na so in cire ta. Na bar ta.

Na ce zan sa a yi mata gado, ta ce tabarma ta ishe ta. Tana cin abinci, ba da yawa ba. Da safe takan zauna kusa da ɗakin da ƙoƙon ruwa, tana yayyafawa, tana tambayata ko yara sun saba da ruwan Ƙonni. Ki rubuto don in sami abin gaya mata.

Tun ranar da ta sauka nake jiran ta tambaye ni yaushe za a koma gida. Na shirya amsa, wadda babu ƙarya a ciki kuma ba za ta yi mata ciwo ba. Har yau ba ta tambaya ba.

Ƙanenki,
Yunusu